Darasi na 9: Fiza, gurasar mutanen Napoli

A allon shago za ku ga an rubuta pizza. Mu a nan fiza za mu rubuta, don ta fi sauƙi a baki.

Wanda ya san gurasa ya san rabin fiza. Fulawa ce da ruwa da gishiri da yis. A kwaɓa, a bari ta tashi, a faɗaɗa ta da hannu kamar faifai. Sai a shafa markaɗaɗɗen tumatir, a zuba cuku, a sa a tanderu. A Napoli da itace ake hura tanderun, kuma zafinsa ya wuce digiri 400. Kafin minti 2 ta gasu, gefenta ya kumbura ya yi ɗigo-ɗigon ƙuna.

Napoli birni ne na bakin teku a kudancin Italiya. Shekara 200 da suka wuce, fiza abincin talakawan birnin ce. A bakin titi ake sayar da ita, ɗan dako ya saya, ya ninke, ya ci a tsaye ya koma bakin aikinsa. Masu hali ko kallonta ba sa yi. Yanzu kuwa a Kano ko Abuja sai mai ɗan abin hannu ke sayenta. Ikon Allah!

Ana ba da labarin cewa a 1889 wani mai gasa fiza a Napoli, Raffaele Esposito, ya gasa wa Sarauniyar Italiya Margherita fiza mai launin tutar Italiya: jan tumatir, farin cuku, koren ganyen ɗoɗɗoya. Har yau Margherita ake kiran wannan iri. Akwai kuma Marinara, wadda ba a sa mata cuku, sai tumatir da tafarnuwa da man zaitun.

'Yan ci-rani ne suka kai ta Amurka. A 1905 aka buɗe shagon fiza na Lombardi a New York. Kamfanin sayar da fiza na Domino's ya fara a 1960, ya iso Legas a 2012.

In an miƙo muku takardar jerin abinci, ku karanta a natse. In kun ga pepperoni ko ham, ku tambaya naman mene ne, don a ƙasashen Turawa yawanci da naman alade ake yin su.

Aiki: Rubuta abubuwa huɗu da ake kwaɓa fiza da su. Daga 1889 zuwa 1905 shekara nawa ke nan?