Furotin na kwalba: yadda ake lissafa shi, da yadda ake haɗa mai gram 26 a gida

Kamfanonin da duniya ta sani da lemon kwalba sun karkata wajen madara. A 2019 PepsiCo ya sayi kamfanin da ke yin abin sha mai furotin Muscle Milk daga hannun kamfanin Hormel kan dala miliyan 465. A watan Janairun 2020 Coca-Cola ya ƙarasa sayen kamfanin madara na fairlife, mai yin madarar furotin ta Core Power, daga baya kuma ya ware dala miliyan 650 don gina masa masana'anta a Webster da ke jihar New York. A Satumban 2025 Starbucks ya fara sayar da kofi mai ƙarin furotin a shagunansa na Amurka da Kanada. Dalili kuwa, masu saye sun fara gudun sukari, masu motsa jiki sun yawaita, sannan masu yin allurar rage ƙiba irin Wegovy ba sa iya cin abinci da yawa, suna neman ɗan abu kaɗan mai gina jiki. Abin da ake tallatawa shi ne lambar gram ɗin furotin da ke gaban kwalba: 20, 26, 30, 42. Wannan lambar ana iya bincika ta, ana kuma iya cim mata a tukunya.

Lissafin da za a yi kafin a biya kuɗi

A fara da buƙatar jiki. Babban mutum mai lafiya yana buƙatar kimanin gram 0.8 na furotin kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 70 yana neman gram 56. Mai ɗaga ƙarfe ko doguwar tsere kan kai gram 1.2 zuwa 2 kan kilo. Ƙwai ɗaya yana ba da kusan gram 6, kofin madarar shanu na mililita 240 yana ba da 8. Wanda ke cin wake, ƙwai, kifi da nono kullum sau da yawa ya riga ya cika adadinsa.

Daga nan sai a juya bayan kwalbar. A duba ko gram ɗin da aka rubuta na mililita 100 ne, ko na sha ɗaya, ko na kwalbar duka, domin akwai kwalbar da ake lissafa ta a matsayin sha biyu. Sai a ninka gram ɗin furotin sau 4, tunda kowane gram kalori 4 ne, a raba da jimillar kalorin. Kwalba mai gram 10 da kalori 250 ta ba da kashi 16 cikin 100. Madarar shanu zalla tana kusan kashi 20, kuma kashi 20 ɗin ne iyakar da dokar Tarayyar Turai ta sa kafin a kira abinci mai yawan furotin. A ganinmu duk abin da bai kai madara ba bai cancanci ƙarin kuɗi ba. Sukari kuwa a raba gram ɗinsa da 4, a samu yawan cokalin shayi: gram 24 cokali shida ke nan.

Jerin kayan haɗi yana farawa ne da abin da ya fi nauyi. In madara, garin ruwan cuku (wanda ke saura bayan an cire cuku) ko waken suya suka zo a gaba, furotin ɗin cikakke ne. In kolajin (furotin da ake samu daga fata da ƙashin dabba) ne kan gaba, a yi hattara: ba shi da sinadarin tiriftofan, ɗaya daga cikin tubalan furotin guda tara da jiki ba ya iya yi da kansa, don haka gram 15 nasa bai kai gram 15 na madara amfani ba wajen gina tsoka.

Tsadar ta kamfani tana da dalili. fairlife yana tace madara ta rariya mai ƙananan ƙofofi ƙwarai, ruwa da sukarin madara su wuce, furotin ya tsaya, shi ya sa kwalbar Core Power ta mililita 414 ke ɗauke da gram 26. Sannan ana dafa irin waɗannan abubuwan sha a zafin digiri 135 zuwa sama na 'yan daƙiƙu, a zuba a mazubin da aka kashe ƙwayoyin cutarsa. Wannan ne ke sa su yi watanni ba firij, kuma shi ne abin da ba za a iya kwaikwaya a gida ba.

Haɗin gida

Ana buƙatar busasshen waken suya gram 100, garin madara, gasasshiyar gyaɗa, da ƙaramin sikeli. Cokali yana yaudara, musamman da gari.

A tsince waken, a wanke, a jiƙa awa 8 zuwa 10. Lokacin bazara awa 6 zuwa 8 sun isa, a kuma canza ruwan sau ɗaya, in ba haka ba ya fara tsami tun a roba, madarar ta tsinke a kan wuta. A murza a cire ɓawon. A markaɗa da ruwa mililita 800, kuma ruwan ya zama mai zafi sosai, sama da digiri 80. Wannan shi ne maganin gafi: akwai wani sinadari a cikin waken da ke tashi da zarar an fasa shi cikin ruwan sanyi, zafi ne ke kashe shi kafin ya yi aiki. Kada a cika bilenda ya wuce rabi da ruwan zafi, tururi yana ture murfi. A tace da ƙyalle mai tsabta, a matse sosai. Za a samu kusan mililita 700 zuwa 750, mai furotin kimanin gram 3 a kowace 100. Wanda ya ƙara ruwa don madarar ta yi auki ya rage wannan lambar daidai gwargwadon ruwan da ya ƙara.

Dahuwa ce wurin da aka fi kuskure. Madarar waken suya tana yin kumfa ta taso tun kafin ta tafasa, sai a ɗauka ta nuna a sauke. A rage wuta, a kwashe kumfar, a jira tafasa ta gaske, daga nan a ƙirga minti 15 zuwa 20 ana juyawa har ƙasan tukunya. Ɗanyen waken suya yana da sinadarin da ke hana hanji narkar da furotin, kuma shi ke kawo kumburin ciki da gudawa ga wanda ya sha marar dahuwa. Tukunya mai kaurin gindi ta fi, domin in ta kama, ƙaurin ba ya fita.

Idan ta huce ta zama ɗumi, a auni mililita 350, gram 11 ke nan. A dama garin madara marar mai gram 30 da ɗan kaɗan daga ciki har ya yi sumul, sannan a juye sauran. Zuba gari kai tsaye cikin ruwa mai yawa ke kawo gudaji. Wannan ya ƙara gram 10 da ɗoriya. In mai cikakken mai ne a hannu, sai gram 40. A karanta jikin leda, domin yawancin madarar ƙulle da ta sacet an cire man shanun an sa man itatuwa, furotin ɗinta kuma ya kan yi ƙasa. A ƙarshe a sa markaɗaɗɗiyar gyaɗa gram 20, wadda ke ba da gram 5, a sake bugawa a bilenda minti ɗaya. Jimilla gram 26. Dabino biyu da ɗan citta sun wadatar don ɗanɗano.

Kalorinsa ya kai kusan 400 da madara marar mai, kusan 500 da mai cikakken mai, alhali na kamfani mai gram 26 bai kai 200 ba. Ga mai neman ƙarin jiki ko mai aikin ƙarfi wannan riba ce. Mai rage ƙiba ya musanya gyaɗar da tunkuza gram 12, tunda an riga an matse yawancin manta. Gyaɗar kuma a tsince ta da kyau, a zubar da duk mai hunhuna, baƙi ko yamushewa, saboda gubar afalatoksin mai lalata hanta ba ta mutuwa da gashi.

Kada a sa tsamiya, lemon tsami ko zoɓo. Furotin ɗin madara da na waken suya duk suna dunƙulewa idan tsami ya kai wani mataki, abin da ruwan tsami ke yi ke nan wajen haɗa awara. Ɗanyen abarba da gwanda kuma suna farfasa furotin, bayan ɗan lokaci abin shan ya yi ɗaci. Ayaba ba ta da wannan matsalar. In ya kwanta a ƙasa bayan an ajiye, girgizawa kawai yake so.

A firij mai sanyin digiri 4 yana kwana biyu. In wuta ba ta tsayawa, a haɗa wanda za a shanye cikin awa biyu, domin abu mai furotin marar tsami shi ƙwayoyin cuta suka fi saurin yaɗuwa a ciki. Mai son ƙullawa don sayarwa a Najeriya sai ya yi rajista da NAFDAC, kuma lambar da zai buga a jikin roba ta fito daga gwajin ɗakin bincike, ba daga lissafin nan ba. Mai ciwon ƙoda ya tuntuɓi likitansa kafin ya ƙara furotin ko na kwalba ko na gida, wanda gyaɗa ko waken suya ke tayar wa borin jini ya bar shi gaba ɗaya, jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya kuma ba a ba shi wannan a madadin nonon uwa.