Kurakuran da Muke Yi Wajen Zaɓen Duwatsun Kiristal, da Yadda Za a Gyara

Duk mai sana'ar haɗa sarƙa da 'yan kunne a Sakkwato ta saba jin wannan magana a bakin masu shago: "Hajiya, wannan Swarovski ne, orijinal." Babban kuskuren da aka fi yi shi ne a ji sunan kawai a buɗe jaka. Swarovski kamfani ne na ƙasar Ostiriya mai yin kiristal, wato gilashin ado da ake yankawa ya yi walƙiya, Daniel Swarovski ya kafa shi a garin Wattens a 1895, kuma babu mai musun kyan yankansa. Sai dai tsakanin 2020 da 2021 kamfanin ya janye daga sayar wa masu sana'ar hannu da dillalansu duwatsu, ya koma kan kayan adon da yake ƙerawa da kansa da manyan kamfanonin da ya zaɓa. Abin da ya rage a hannun dillalai galibi tsohon kaya ne, kuma tsada gare shi. Ko a da ɗin ma, ba a zare yake zuwa ba. A cikin fakiti rufaffe yake fitowa daga masana'anta, da lambar samfuri a jiki: 5328 ga mai tsini biyu, 5000 ga mai zagaye, kuma fakitin mai tsini biyu na milimita 4 na ɗauke da guda 1,440. To idan an miƙo miki sili ɗaya da aka ciro daga ƙusa, cikin ɗaruruwan irinsa, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba, ki sani ba daga Wattens ya zo ba.

Ba na cewa mai shagon maƙaryaci ne. Sau da yawa shi ma haka aka sayar masa a wurin sari a Kano ko Legas. Amma ke ce za ki tsaya gaban mai kaya ranar da sarƙa ta dushe, don haka ki bar sunan da aka kira, ki duba dutsen da ke hannunki.

Dubawar kuwa ba a cikin shago ake yin ta ba. Ƙwan lantarki da fitilar waya kan sa ko fasasshen kwalba ya yi walƙiya. Ki roƙi a zare miki guda goma, ki fito bakin ƙofa inda hasken rana yake, ki shimfiɗa farin hankici a tafin hannu ki zuba su. Ki fara da kusurwoyi: a dutse mai kyan yanka, fuskokin suna haɗuwa a tsini ɗaya daidai, layukan a miƙe, kaifinsu a fili. A na banza za ki ga wata fuska ta fi wata faɗi, tsinin ya goce gefe, wani lokaci har da layin haɗi a tsakiya, alamar a cikin mazubi aka zuba shi, ba yanka shi aka yi ba. Sai ki ɗaga ɗaya ki leƙa cikinsa ko akwai kumfar iska, ki juya ki kalli bakin ramin ko ya ɓantare. Daga nan ki jera goman a allura ki ga ko kansu ɗaya. In kina shakkar roba ce, ki ɗora a kumatu: gilashi sanyi gare shi da ɗan nauyi, roba kuwa ɗumi-ɗumi take, sakayau. Wannan duka bai wuce minti biyar ba, amma mata da yawa kunya ke hana su yi, kada mai shago ya ce sun cika fi'ili. Kuɗinki ne, 'yar'uwa, ki duba.

Akwai kuma masu kuskuren da ya juya wa wancan baya, wato raina duk abin da aka ce na China ne. Yawancin kiristal ɗin da ke kasuwanninmu daga can yake, da yawa daga yankin Pujiang na lardin Zhejiang, ya biyo ta babbar kasuwar Yiwu. A cikinsa akwai shara, akwai kuma mai kyan da sai idon gwani ke raba shi da na Turai. In ankon ƙawayen amarya ashirin aka ba ki, za a sa ranar kamu da ranar walima a ajiye, na China mai kyau shi ne daidai da aikin da kuma aljihun masu shi. Abin da bai kamata ki dogara da shi ba shi ne haruffan AAA da ake bugawa a leda, domin babu hukumar da ke tantance su, kowane mai sayarwa shi ke ba nasa maki. Ki sayi sili ɗaya ki gwada kafin ki ɗauki dozin.

Wajen kwatanta kamfanoni, sau da yawa ana haɗa abubuwan da ba aikinsu ɗaya ba. Preciosa na ƙasar Cek, wanda aka kafa a 1948 a garin Jablonec, shi ne yanzu ya fi kusa da cike gurbin da Swarovski ya bari, kuma ni shi nake zaɓa wa sarƙar da za ta shiga lefe. Amma Cek ɗin suna da wani nau'in da ake gogewa da wuta bayan an yanka, gefensa ya yi laushi, walƙiyarsa ta yi sanyi. Mai kyau ne ƙwarai, kuma ba ya cin zare, sai dai in kin jera shi da yankan inji kika ce ya gaza, ba ki yi masa adalci ba. Miyuki da Toho na Japan kuwa sun shahara ne da ƙananan duwatsun saƙa masu kai ɗaya, irin su lamba 11/0 da 8/0, inda girman lamba ke nufin ƙanƙantar dutse. Asfour na Masar, wanda ya fara a 1961, ƙarfinsa na wajen kiristal ɗin fitilun ado na falo. Kowanne da gurbinsa.

Sai maganar kuɗi. Muna tambayar nawa sili, alhali sili ba awo ba ne. A ce wani ya ce 1,500, wani ya ce 1,800. Kika ƙirga, na farko guda 60 ne, na biyu 90. Ashe na farko naira 25 kowane dutse, na biyu naira 20. Ki kuma cire waɗanda za ki zubar saboda ɓantarewa ko toshewar rami kafin ki ce wane ya fi araha.

Inda na fi so mu tsaya shi ne launi, don nan zafin garinmu ke tona asiri. Wani dutsen launinsa a cikin gilashin yake, tun wurin narkawa aka haɗa shi, wannan ba ya zuwa ko'ina. Wani kuwa farin gilashi ne aka shafa masa launi ko ƙyalli a baya. Shafen nan mai kamar bakan gizo da ake kira AB, Swarovski ne suka fito da shi a 1956 tare da Christian Dior, mai tsara tufafi na ƙasar Faransa, yanzu kowa na yin irinsa, amma ƙarkonsa ya bambanta nesa ba kusa ba. Mu kuma ga yadda muke: daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, zufa na sauka a wuya, ga humra an shafa, ga turare an fesa a kan sarƙar, ga hayaƙin turaren wuta. Shafe mai arha ba ya jure wannan. Sati nawa ne, sai mai kaya ta dawo: "Anti, duba yadda abin nan ya koma." Kafin ki fara aiki, ki ɗiga turare a auduga ki murza dutse ɗaya sosai, ki kankare wani da farce, ki ajiye na uku a taga rana ta doke shi kwana biyu. In audugar ta ɗauki launi, kada ki sa shi a abin da zai taɓa fata. Jigida da carbi da abin hannu kullum cikin gugar jiki suke, su dai a ba su mai launi a ciki. Mai shafe ya tafi 'yan kunne da adon jaka. Ki kuma gaya wa mai saye ta gama shafa da fesa tukuna, sarƙa ta zo ƙarshe.

Ƙurar hunturu ma tana da nata ɓarnar. Yashin da ke cikinta ya fi gilashi tauri, don haka in kika goge dutse mai ƙura da busasshen tsumma, karce shi kike yi. A hure ƙurar, a goge da ƙyalle mai laushi mai ɗan danshi, a ajiye a rufe.

Wani lokacin kuma dutsen ba shi da laifi, zaren ne. Ramin kiristal kaifi gare shi, yana cin zaren kamun kifi a hankali har ranar da sarƙa za ta watse a tsakiyar taro. Sarƙa mai nauyi a sa mata siririyar wayar nan mai rigar roba. In saƙa ce dole sai da zare, a ninka shi, a riƙa sa ƙaramin dutsen saƙa a kowane gefen kiristal ɗin don ya tare kaifin. Zaren roba mai talewa kuwa zafi na saurin kashe shi. Kuma kada ki gauraya kamfani biyu a saƙa ɗaya don duka an rubuta milimita 4, ɗan bambancin zai sa aikin ya tattare. Launi ma haka: jan wannan kamfani ba jan wancan ba ne, ko kamfani ɗaya ma kayan bana kan saɓa da na bara. Ki sayi abin da zai ishe ki a zuwa ɗaya, da ɗan ƙari.

Akwai abin da ba a cika tambaya ba, ya kuma kamata a tambaya: dalma. A ƙa'idar Turai, gilashin da ake kira kiristal mai dalma yana ɗauke da aƙalla kashi 24 cikin 100 na sinadarinta, ita ke ƙara masa nauyi da walƙiya. Swarovski sun koma haɗin da babu dalma tun 2012, Preciosa ma suna da samfurin Maxima marar dalma, amma silin da ba a san asalinsa ba babu mai ba ki tabbaci a kansa, balle fentinsa da maƙallan ƙarfe masu arha. Babba da ta rataya a wuya ba ta cikin wani babban haɗari. Damuwata yara ce, masu kai komai baki. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara mun san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a 2010, ko da yake waccan daga haƙar zinariya ta fito. In aka ce ki yi wa jaririya abin hannu na ranar suna, ki nemi dutsen da fakitinsa ya nuna babu dalma, ki ɗaure shi da ƙarfi yadda ba zai tsinke ta haɗiye ba, ki kuma ce wa uwar ta cire mata da zarar an gama ɗaukar hoto.