Darasi na 7: Yi Wa Motarka Fenti a Gida da Kuɗi Kaɗan

Rana tana cin fentin mota. Motar da ke wuni a waje, rufinta da bonet ne ke fara koɗewa. Daga nan fentin ya soma ɓarewa, ruwan damina ya taɓa ƙarfe, tsatsa ta kama. Mai tsohuwar Golf ko Corolla da yake neman abinci da ita yakan je gareji ya tambayi kuɗin fenti, in ya ji farashi ya dawo gida ya haƙura. Domin irinsa aka rubuta wannan darasi.

Aikin fenti kashi biyu ne. Akwai shirya jikin mota, wato wanki da guga da cike lotsawa, wannan yana cin kwanaki. Akwai kuma fesa fentin, wanda ba ya wuce 'yan awoyi. Shirin shi ne wahalar da mai fenti ke cajin ka a kanta, ga shi kuwa ba ya buƙatar inji, sai hannu da haƙuri. A nan za ka rage kuɗi. A nan kuma kyan aikin yake, domin sabon fenti ba ya rufa wa jikin mota asiri. Duk wani rami ko karce da ka bari, ƙyallin fenti sai ya ƙara fito da shi.

Kafin ka sayi komai

Ɗauko takardun motarka ka karanta. Za ka ga an rubuta launinta. In ka mayar mata da launinta na asali, ba ka da matsala da kowa, kuma ba sai ka yi wa cikin ƙofofi da cikin but fenti ba. In ka sauya launi, sai ka je ofishin rajistar motoci a gyara takardun, don kada ka sha tambaya a hanya. Kore irin na soja kuwa kada ka kusance shi, dokar Nijeriya ta hana farar hula shafa wa mota shi.

Kowane launi yana da lambarsa. Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kansa, ko ka duba ƙarƙashin bonet. A motocin Toyota za ka ga haruffa C/TR, lambar da ke bi musu ita ce ta launi: 040 fari ne, 202 baƙi. Rubuta lambar a takarda. Sannan ka kwance murfin tankin mai ka tafi da shi wurin mai haɗa fenti, a kasuwar kayan mota irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ka ce masa: "Maigida, ga lamba, ga kuma murfi, a haɗa mini daidai da wannan." Rana ta riga ta sauya launin motar, shi ya sa idon mai haɗawa yake buƙatar ganin murfin.

Ga mai koyo, fari ya fi kowane launi sauƙi, domin yana yafe ƙananan kurakurai. Baƙi ba ya yafewa. Fenti mai ƙyalƙyalin azurfa kuma sai an bi shi da wani shafi mai ruwan gilashi a sama, kuma in hannu bai saba ba yakan fito dabbare-dabbare. Shawarata, ka bar shi sai ka ƙware.

Sai zaɓen lokaci. Lokacin hunturu iska cike take da ƙura, kuma ɗanyen fenti yana kama duk abin da ya sauka a kansa. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, fenti ya bushe tun a iska kafin ya kwanta, jikin mota ya yi kaushi. Tsakiyar damina kuma danshi yana dusashe ƙyalli. Ƙarshen damina, kafin hazo ya sauko, ya fi dacewa. Kowane wata ne dai, da sassafe ake fesawa, a inuwa, jikin mota da sanyinsa.

Guga da fila

Wanke motar sarai da omo, har sau biyu. Bayan ta bushe, goge ta da tsumma mai tsabta da maganin cire maiƙo da masu fenti ke sayarwa. Man inji, man goge mota, har maiƙon tafin hannunka, duk suna hana fenti kamawa. Inda suka saura za ka ga fentin yana gudu, yana barin ƙananan ramuka zagaye-zagaye.

Duk abin da sukudireba zai iya cirewa, cire shi: fitilu, madubai, lambar mota, hannuwan ƙofa, tambari. Zuba kusoshin kowane abu a ledarsa, ka rubuta suna a jiki.

Sanfefa tana da lamba a bayanta. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babbar lamba mai laushi. Lamba 80 ta cin tsatsa ce da sassaƙa fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawa da shi. Lamba 180 tana share karcen da 80 ta bari, 320 tana share na 180. Lamba 600 ta gugar ƙarshe ce kafin launi. Kada ka tsallake daga 80 zuwa 600 don ka rage saye, karcen zai fito a ƙarƙashin fenti. Kuma kada ka yi guga da yatsu. Naɗe sanfefar a jikin guntun katako mai baje, domin yatsu suna barin kwari a jikin mota.

Inda tsohon fenti yake riƙe da ƙarfe da kyau, ba sai ka kankare shi duka ba. Goge shi da 320 har ƙyallinsa ya mutu, shi ke nan. Inda akwai tsatsa, ci gaba da guga har sai ka ga farin ƙarfe. Tsatsar da aka rufe da fenti ba ta mutuwa, bayan damina ɗaya za ta kumburo. In ta riga ta huda ƙarfen, kamar yadda take yi a ƙasan ƙofofi da saman taya, wannan aikin mai walda ne. Biya shi ya yanke wurin ya sa sabon ƙarfe. Na tsani ganin ramin da aka cusa wa takarda ko raga aka lafta fila a kai. Yaudarar kai ce, kuma zalunci ne ga wanda zai sayi motar.

Lotsawa mai zurfi a fara buga ta daga ciki ta taso. Fila ta cike abin da ya saura ce, kaurinta kada ya wuce milimita 3. Tana zuwa da ɗan maganin da ke sa ta daskare. Ɗebi fila kamar girman ƙwan kaza, ka matsa maganin kamar ƙwayar gyaɗa, ka cakuɗa a kan faranti mai tsabta har launin ya zama ɗaya. Kana da minti kaɗan kafin ta sandare, da zafi ma ba ta kai haka, saboda haka kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa. Shafa ta siririya kana dannawa. Bayan kamar rabin awa ka goge da 80, sannan 180. Gugar fila a bushe ake yi, domin tana shan ruwa.

Yanzu gwada aikinka. Shimfiɗa tafin hannunka a wurin, ka kawar da kanka, ka shafa gaba da baya a hankali. Hannu yana jin tudu da kwarin da ido bai gani ba. In ka ji gefen filar yana taɓa hannunka, aiki bai ƙare ba. Ƙara guga, ko ƙara siririn shafi. Sau biyu ko uku a wuri ɗaya ba abin mamaki ba ne.

Rufewa da firaima

Rufe gilasai da robobi da tayoyi da takarda da salatif na takarda. Danna bakin salatif ɗin da farce. Takardar jarida guda ɗaya takan jiƙe fenti ya ratsa, sai ka ninka ta.

Firaima ita ce shafin farko, mai ruwan toka, wanda ke haɗa ƙarfe da fenti. Duk inda ƙarfe ko fila ya fito fili, dole ta hau. Ƙarfen da ka goge kada ya kwana tsirara, raɓar dare kaɗai ta isa ta dawo da tsatsa. Shafi biyu ko uku. In ta bushe, samo gwangwanin baƙin fenti na fesawa ka ɗan barbaɗa daga nesa, sama-sama. Sai ka goge da 600 da ruwa. Inda baƙin ya tafi, wurin ya baje. Inda ɗigon baƙi ya saura, akwai kwari, sai ka koma masa. Wannan dabara tana da arha, kuma ita ce ke raba aikin gwani da na gaggawa.

Sa launi

Hanyar da na fi so ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ka gama duk shirin nan da hannunka, sannan ka ɗauko mai fenti da kwamfuresa da bindigarsa ta fesa fenti na safiya ɗaya, ko ka kai masa motar ya fesa kawai. Ku yi ciniki a kan fesawa kaɗai.

In kai za ka fesa da kayan haya, fara da buɗe ƙasan tankin kwamfuresa ruwan da ya taru ya fita. Share wurin, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Haɗa fenti yadda aka rubuta a jikin gwangwani. Yawancin fenti mai hadina, wato maganin da ke sa fenti ya yi tauri, kashi 2 ne na fenti, kashi 1 na hadina, da ɗan tina, wato ruwan tsinka fenti. Kada ka tsinka shi da fetur ko kananzir. Tace shi kafin ka zuba a bindiga. Ƙaramar mota takan ci lita 3 zuwa 4 na haɗaɗɗen fenti.

Gwada hannunka a kan kwali ko tsohuwar ƙofa tukuna. Tazarar bindiga da jikin mota santimita 15 zuwa 20, kusan faɗin buɗaɗɗen tafin hannu. Hannu ya tafi a miƙe, da gudu iri ɗaya, kowane layi ya hau rabin na baya. Fara daga rufi ka sauko. Shafin farko siriri ne, kada ka damu in kana hango firaima. Jira minti 10 zuwa 15, ka yi na biyu, sannan na uku. In fenti ya zubo kamar hawaye, kada ka taɓa. Bar shi ya bushe sarai, daga baya a goge da lamba 1500 da ruwa.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar inji ko wuta: fentin mai na ƙarfe da ƙaramar rola ta soso. Ana tsinka fentin sosai, a yi siraran shafi shida ko fiye, a bar kowanne ya kwana, ana gogewa da sanfefa mai laushi da ruwa a tsakani. Ta dace da akori-kura ko motar gona. Sai dai ka sani, ƙyallinta bai kai na fesawa ba, kuma ranar da za a fesa mata fenti mai ƙarfi, wannan na ƙasa yakan yamutse, sai an kankare shi.

Lafiyarka da ta iyalinka

A nan ba a neman arha. Hadinar fentin mota tana ɗauke da guba mai lalata huhu, tana iya jawo wa mutum asma ta har abada. Takunkumin yadi ko na asibiti ba ya tare ta, rawani ko tsumma a hanci ma haka. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa na ce a bar fesa irin wannan fenti ga mai kayan kariya. Ko wane fenti za ka fesa, nemi takunkumi mai gwangwanayen tace iska a gefe, sababbi, da tabarau da safar hannu da riga mai dogon hannu. Gugar busasshiyar fila ma sai da takunkumi.

Wasu masu fenti sukan sha madara bayan aiki, wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take zuwa, fenti kuwa huhu ya shiga. Ba ta maganin komai a nan.

Tururin tina yana kama wuta daga nesa. Kafin ka buɗe gwangwani, faɗa wa uwargida kada a hura murhu ko gawayi sai an gama. Janareto ya yi nisa, ba shan taba. Yara da mai juna biyu da kaji da awaki duk su bar wurin, a rufe randa da abinci. In gidanku na haya ne mai yawan jama'a, nemi wani fili ko rumfa a waje. Maƙwabta suna da haƙƙin iskar da suke shaƙa. Ragowar tina kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya, kuma kada a ajiye ta a robar ruwan sha, yaro zai ɗauka ruwa ne. In ka ji jiri ko ƙirjinka ya ɗaure, ajiye bindiga ka fita iska, in bai sake ka ba ka tafi asibiti.

Cire salatif a hankali bayan fenti ya daina kama yatsa, kafin ya ƙeƙashe. Bar motar a inuwa kwana biyu kafin ka mayar da fitilu da madubai. A makon farko kada a wanke ta, bayan haka ruwa zalla da tsumma mai laushi. Man goge mota sai bayan wata guda.

Aikin yi

1. Je wurin wata mota da izinin mai ita, ka nemo lambar launinta, ka rubuta a littafinka.
2. Jera waɗannan lambobin sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi: 600, 80, 1500, 320, 180.
3. Gwangwani ya ce kashi 2 na fenti, kashi 1 na hadina. Kana da lita 2 na fenti. Lita nawa na hadina za ka saya? In lita 3 ne fa?
4. Shiga kasuwa ka tambayi farashin sanfefa da fila da firaima da tina da fenti da takunkumi. Rubuta kowanne, ka tara jimla. Sannan ka tambayi mai fenti farashi biyu, na aiki gaba ɗaya da na fesawa kaɗai, ka kawo lissafin aji mako mai zuwa.