Yadda ake neman gurbin karatun auna gani da tabarau a jami'o'in Najeriya

Da yawa daga cikin ɗaliban da ke cike fom ɗin optometiri suna zaton likitan da ke yin aikin yanar ido za su zama. Gara a warware wannan tun kafin a biya kuɗin fom. Mutum uku ne ke aiki a kan ido. Akwai likitan ido mai tiyata, wanda sai ya gama karatun likitanci, sannan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa a asibiti. Akwai mai optometiri, wanda ke auna ƙarfin gani, ya rubuta lambar tabarau, ya duba cikin ido ya gano cututtuka irin su hawan jinin ido da amosanin ido, ya yi maganin abin da ke hurumin aikinsa, ya tura mai buƙatar tiyata wajen likita. Na uku shi ne mai yanka gilashi ya ɗora shi a kan firam daidai da lambar da aka rubuta. Karatun da muke magana a kai shi ne na biyu. A Najeriya shekara 6 ake yi, a fito da digirin da ake kira OD, sai shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibitin da aka amince da shi, sai bautar ƙasa. Hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista ita ce ODORBN, wadda aka kafa da doka a 1989.

Idan ka bincika intanet za ka yi ta cin karo da wata jarrabawa mai suna OAT. Ta Amurka da Kanada ce, inda sai mutum ya yi karatun jami'a tukuna kafin ya shiga makarantar optometiri ta shekara 4. A nan gida daga sakandare kai tsaye ake shiga, ta hanyar jarrabawar JAMB. Kada ka sayi littattafan waccan.

Jami'o'in da ke koyar da fannin ba su da yawa. Jami'ar Benin ce ta fara a shekarun 1970. Akwai Jami'ar Jihar Abiya da ke Uturu, Jami'ar Jihar Imo da Jami'ar Fasaha ta Tarayya duka a Owerri, Jami'ar Madonna, da Jami'ar Ilorin. A arewa maso yamma akwai Jami'ar Bayero ta Kano. Wanda ke Gana yana da Jami'ar KNUST a Kumasi da Jami'ar Cape Coast, amma tsarin shigarsu daban ne. Kafin ka zaɓi kowace makaranta, tabbatar cewa hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, da ODORBN duka sun amince da sashen, domin digirin da hukumar sana'a ba ta san da shi ba ba zai ba ka lasisin taɓa idon kowa ba.

Takardu kafin karatu

Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Kiredit na nufin daga A1 zuwa C6. D7 ba ta shiga, ko da a darasi ɗaya ne. Galibin jami'o'i na karɓar sakamakon zama biyu, wato ka haɗa WAEC da NECO, amma wasu zama ɗaya suke so a darussan lafiya. Ƙasidar JAMB da ke shafinsu ta lissafa sharaɗin kowace jami'a, ka karanta na wadda kake so da idonka. Shekarun shiga jami'a 16 ne.

Sai lambar NIN, wadda ta zama dole tun 2021. A nan ne ɗalibai da yawa ke faɗawa rami tun ba a je ko'ina ba. JAMB na kwaso sunanka da ranar haihuwarka ne daga rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN. Idan a NIN an rubuta Muhammad, a WAEC kuma Mohammed, ko an sa sunan gari a wata takarda an sa sunan kaka a wata, matsalar za ta kwanta shiru har ranar tantancewa a jami'a, lokacin da gyara ya yi tsada. Jera takardunka guda uku a kan tabarma, NIN da takardar haihuwa da rajistar WAEC, ka bi su harafi bayan harafi. Idan da saɓani, ka gyara a NIMC watanni kafin a buɗe rajista, don gyaran ba ya fitowa a kwana ɗaya.

Rajistar kanta ba ta da wuya. Za ka tura kalmar NIN, ka bar fili, ka sa lambobinka 11, zuwa 55019 ko 66019, a turo maka lambar shaida. Da ita za ka sayi fin, wato lambar cike fom, a banki ko wani wurin da aka amince, ka tafi cibiyar CBT mai izini, wato cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Layin wayar da ka yi amfani da shi ya zama naka na kanka, ka kuma adana shi kamar kuɗi, saboda da shi za ka duba sakamako ta hanyar tura UTMERESULT zuwa waɗancan lambobin. Kada ka yi da layin mai shago ko na abokin da zai iya komawa wani gari. 'Yan mata su lura: lalle a kan yatsu na hana na'ura karanta zanen yatsa, JAMB kuma ta sha yin gargaɗi a kai. Idan biki ya faɗo kusa da rajista ko ranar jarrabawa, a bar tafin yatsu fari.

Darussan da za ka zaɓa huɗu ne: Turanci, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Ba a sa Lissafi a nan. Kafin ma'aikacin cibiyar ya danna aikawa, ka karanta abin da ya cike a allo, domin darasi ɗaya da aka sa ba daidai ba ya isa a ajiye sunanka gefe komai yawan makinka. Jami'ar da kake so da gaske ita za ka sa a zaɓin farko. Sashen da masu nema suka ninka kujerunsa ba ya waiwayar wanda ya sa shi a zaɓi na biyu.

Jarrabawar da yadda ake cin ta

Tambayoyi 180 ne cikin awa 2: Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne, jimillar maki 400. Idan ka raba, daƙiƙa 40 ce ga kowace tambaya. Wannan lissafin shi ya kamata ya tsara karatunka. Tambayar Bayoloji ko ka sani ko ba ka sani ba, daƙiƙa 15 ta ishe ta, lokacin da ka tara daga nan shi za ka kashe a lissafin Fiziks da Kemistiri. Ba a rage maki don amsa ba daidai ba, saboda haka kada ka bar ko guda babu amsa. Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa a rediyo kowace shekara na shiga jami'a ne gaba ɗaya, ba na wannan sashen ba. Ka sa wa ranka 250 zuwa sama, kuma duk abin da ka ƙara riba ne.

Fiziks na kayar da da yawa daga masu neman darussan lafiya, don sun saba da haddar Bayoloji. Ga mai son optometiri kuwa, babin haske da gilashi shi ne sana'ar tasa tun daga tushe, ya cancanci a daɗe a kansa. Ɗauki gilashin konbeks, mai tudu a tsakiya, wanda ke tattara haske wuri guda. A ce nisan matattararsa santimita 10 ne, an ajiye abu a santimita 30. Ƙa'idar ita ce 1/f = 1/u + 1/v, inda f ke nufin nisan matattara, u nisan abin daga gilashi, v kuma nisan hoton da ake nema. Saboda haka 1/v = 1/10 − 1/30, wato 2/30. Ɗalibi mai gaggawa a nan yake tsayawa ya nemi 2/30 a cikin zaɓuɓɓuka. Sai an juya shi: v = santimita 15. Girman hoton kuwa v/u ne, 15/30, rabin abin ke nan, kuma a kife yake fitowa.

Kuskure na biyu yana wajen ƙarfin gilashi. Ana auna shi da dayofta, kuma dayofta ita ce 1 a raba da nisan matattara a mita, ba a santimita ba. Gilashi mai santimita 50 mita 0.5 ne, ƙarfinsa +2. Wanda ya manta ya mayar da shi mita zai samu 0.02, kuma sau da yawa zai tarar da irin wannan amsar tana jiransa a cikin zaɓuɓɓuka huɗun. Na uku shi ne alama. Gilashin konkeb, mai rami a tsakiya, yana watsa haske, matattararsa da ƙarfinsa duka da alamar ragi ake rubuta su. Shi ake ba wanda ba ya ganin nesa, domin a idonsa hoton na haɗuwa kafin ya isa bangon baya na ido. Wanda ba ya ganin kusa, da dattijon da ya fara miƙa hannu da nisa kafin ya karanta saƙo a waya, konbeks ake ba su. Ka riƙe waɗannan lambobi ma: lafiyayyen ido na karanta abu daga santimita 25, ma'aunin karya haske na gilashi kusan 1.5 ne, na ruwa 1.33, kusurwar da haske ke daina fita daga gilashi zuwa iska kuma kusan digiri 42. Lambobi irin su +2 da −1.50 su ne za ka riƙa rubuta wa mutane a takarda bayan shekara 6.

Kada dai haske ya ɗauke maka hankali daga sauran manhaja. Motsi, zafi, sauti da lantarki duka suna fitowa. A Kemistiri ka ƙware a lissafin mol, daidaita ikweshan, da sunayen sinadaran kabon. A Bayoloji ka ba gado da muhalli lokaci.

Turanci na da tarko na musamman ga mai jin Hausa, wato sashen furuci. Za a ba ka kalma a ce ka nemo wadda ke da sauti iri ɗaya, ko gaɓar da ake dannawa. Bakin da ya saba haɗa p da f, ko bai bambanta gajeren wasali da dogo a Turanci, zai zubar da maki a banza. Maganinsa ƙamus mai nuna furuci, da saurare, minti 15 kullum. Akwai kuma littafin labari da JAMB ke ba masu rajista. Ka karanta shi da kanka, taƙaitawar da ke yawo a WhatsApp ba ta kai ga ƙananan tambayoyin da ake yi.

Tsarin da ke aiki shi ne wata uku zuwa huɗu. Rabin farko ka bi manhajar JAMB babi babi, kana warware tsofaffin tambayoyin kowane babi da zarar ka gama shi. Rabin ƙarshe ka koma cikakkiyar jarrabawa a kan kwamfuta, da agogo, sau biyu a mako. Ka ajiye littafi guda na kurakurai kawai: tambayar, amsar da ka bayar, da dalilin da ya sa ka faɗi. Amsoshin da ke bayan littattafan tsofaffin tambayoyi ba duka ne daidai ba, idan ka yi shakka ka koma littafin darasi. Wanda bai saba da kwamfuta ba ya yi rajistar jarrabawar gwaji ta JAMB. Maɓallan kaɗan ne: A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa. Akwai na'urar lissafi a kan allo, ba a shiga da ta hannu, haka ma waya da agogo. Mai sa tabarau ya sa ran za a karɓa a duba shi a ƙofa.

Bayan sakamako ya fito

Maki mai kyau a JAMB rabin tafiya ne. Kowace jami'a na yin nata tantancewar, wasu da jarrabawa, wasu da duba takardu kawai, kuma sanarwar kan zo da wa'adi gajere, don haka ka riƙa leƙa shafin jami'ar kowane mako. Wata hanyar haɗa maki da ake yawan bi ita ce a raba makin JAMB da 8, a raba na jami'a da 2. Mai 288 da ya samu 56 a ta jami'a yana da 36 da 28, jimilla 64. Mai 264 da ya samu 70 yana da 33 da 35, jimilla 68, ya wuce shi. Wanda ya rufe littafi ranar da ya fito daga zauren JAMB ya yi wa kansa. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, abin da ke sa zaɓen jami'ar yankinka ya fi ba ka dama.

Idan ka yi rajista kana jiran sakamakon WAEC ko NECO, da zarar ya fito ka je cibiyar CBT a ɗora shi a shafin JAMB. Ɗora shi a shafin jami'a kaɗai bai wadatar ba, kuma jami'a ba ta iya miƙa sunan wanda JAMB ba ta ga sakamakonsa ba. Gurbin kansa ta CAPS, manhajar JAMB ta ba da gurabe, yake fitowa, tun 2017. Can za ka karɓa ko ka ƙi, sannan ka buga takardar shaidar samun gurbi. Wani lokaci jami'a kan nemi mayar da kai wani sashe, kamar Fiziks ko nazarin tsirrai. Ka karanta sunan kwas ɗin sosai kafin ka danna amincewa. Masu cewa ka shiga kawai daga baya ka canza ba su gaya maka cewa sassan lafiya suna da ƙayyadadden adadin ɗalibai, kuma da wuya su buɗe ƙofa a aji biyu. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya ƙara maka maki ko ya samo maka gurbi a bayan CAPS, damfara ce.

Wanda bai samu ba a bana yana da hanya biyu. Ko ya sake zama baɗi da littafin kurakuransa a hannu, ko ya yi karatun share fage na IJMB ko JUPEB a Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kusan shekara guda, ya nemi shiga aji biyu kai tsaye da fom ɗin DE. Kujerun wannan hanya sun fi ƙaranci, kuma ba kowace jami'a ke karɓar takardun biyu ba, saboda haka ka tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da kake so wacce suke karɓa da maki nawa, kafin ka biya kuɗin makarantar share fage.