Hadimin ɗan siyasa da shafin Wikipedia: kurakuran da muke yawan yi

Goman ƙarshe na azumi ba ya wucewa a nan Madina ba tare da wani daga cikin 'yan tawagar manyanmu na gida ya nemi ɗalibi ya buɗe masa shafi a Wikipedia ba. Bara ni aka nema. Bayan Tarawihi muka zauna a otal ɗinsu kusa da Harami, ga gahawa ga dabino, ya miƙo mini wayarsa. "Ustaz, duba nan." Ga shi a bayan gwamna a filin jirgin Jidda, ga shi wajen buɗe-baki, ga takardar naɗinsa mataimaki na musamman har da hatimi. Na ce, "Yallaɓai, wace jarida ce ta taɓa zama ta yi rubutu a kanka, kai kanka?" Ya ce ai sunansa ya fito a labarai da dama. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne labarin gwamna ne, shi kuma sunansa na can ƙasa cikin waɗanda suka rufa baya.

Babban kuskuren ke nan, kuma daga shi sauran suke tsirowa: ɗaukar muƙami a matsayin cancanta. Ƙa'idar Wikipedia ta Turanci, wadda editocin Hausa da yawa ke dubawa, ta ware waɗanda kujerarsu kaɗai ta isa a ɗauka sun cancanci muƙala: shugaban ƙasa, minista, gwamna, sanata, ɗan majalisar tarayya ko ta jiha. Hadimi ba ya cikin jerin. Ko ɗan takarar da bai ci zaɓe ba, takararsa ba ta ba shi wannan matsayi. Duk wanda ke wajen jerin sai ya bi ta babbar ƙofa, wato a samu majiyoyi amintattu, waɗanda ba su da alaƙa da shi, sun yi bayani mai zurfi a kansa. Don haka kafin ka rubuta jimla guda, nemo irin waɗannan rubuce-rubuce biyu ko uku. In babu, ajiye alƙalami.

Sai masu kafa hujja da kusanci. Mun saba cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, to a nan karin maganar ba ya aiki, shaharar maigida ba ta shafar yaronsa. Wannan ba raina aikin hadimi ba ne, don tarihinmu cike yake da hadiman da aka yi ta rubutu a kansu. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima hidimar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi, amma ya bar littattafai nasa, Bature matafiyi Clapperton da ya isa Sakkwato a 1824 ya ba da labarinsa, masana tarihi kuma sun nazarci rayuwarsa. Abba Kyari ba zaɓarsa aka yi ba, Buhari ne ya naɗa shi shugaban ma'aikatan fadarsa a 2015, amma har ya rasu a watan Afrilun 2020 jaridun gida da na waje suna sharhi a kan tasirinsa, masu yabo da masu suka. Abin da ya shigar da su shi ne wasu sun ɗauke su abin nazari.

Wurin da ɗalibai suka fi faɗawa rami shi ne ƙirga manazarta. Za ka ga muƙala da madogara goma sha biyar, ka ce ta tsaya da ƙafafunta, sai ka buɗe su. Wannan sanarwar naɗi ce da ofishin gwamna ya raba, shafuka biyar suka kwafa ba a canza ko waƙafi ba, ka ga majiya ɗaya ce ta sa riga biyar. Wancan labari ne a Aminiya ko BBC Hausa inda aka ce "hadimin gwamnan ya shaida wa manema labarai cewa za a gyara hanyar". Jaridar amintacciya ce, amma labarin na hanya ne, hadimin baki kawai ya ara. Saura kuma Facebook ɗinsa ne, da wata hira da ya yi ta ba da tarihin kansa ba wanda ya tantance. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: na rufe duk abin da ya fito daga bakinsa ko ofishinsa, na ga ko abin da ya rage zai ba ni sakin layi biyu a kan rayuwarsa da aikinsa. Sau da yawa ko jimla uku ba ya kaiwa.

Kirari ma yana kashe muƙala. "Haziƙin matashi, gwarzon talakawa, mai kishin al'umma" maganar fosta ce. A cire, a faɗi abin da ya yi da shekarar da ya yi shi da wanda ya ruwaito.

Akwai batun da nake jin nauyinsa ƙwarai, domin ya shafi amana. Ɗalibi a ƙasar mutane, guzuri ya yi ƙasa, aka miƙo masa riyal a ambulan, da wuya ya ce a'a. Tun 2014 sharuɗɗan Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, suka wajabta wa wanda aka biya ya bayyana wanda ya biya shi da wanda yake yi wa aikin. Ɓoyewa na iya sa a toshe asusunka, a kuma fara zargin duk muƙalolin da ka sha wahala a kansu. Shi mai shafin ma ya kamata ya sani ba mallakarsa ba ne. Ranar da aka sauke shi ko wata jarida ta buga zargi a kansa, wani edita zai iya sakawa muddin majiyar ta inganta, kuma ba shi da ikon gogewa. Ranar haihuwa, sunayen 'ya'ya da unguwar da yake zaune kuwa, in ba majiya ingantacciya ce ta riga ta wallafa ba, kada ka sa ko da shi ya ba ka.

In aka gabatar da muƙalar don gogewa, a Wikipedia ta Turanci ana ba da kwana bakwai ana tattaunawa. Kada ka shiga zauren WhatsApp na 'yan jiharku ka ce kowa ya zo ya ce a bari. Ba ƙuri'a ake ƙirgawa ba, hujja ake aunawa, kuma sababbin asusu goma masu magana iri ɗaya a rana ɗaya suna tona kansu. Kawo majiya, ko ka nemi a mayar da rubutun daftari har a samu. Wani lokaci jimla ɗaya a cikin muƙalar gwamnatin da ya yi wa aiki ta wadatar.

Baƙon nawa bai ji daɗi ba da farko, amma mutum ne mai fahimta. Ya ce yana da niyyar neman kujerar majalisar jiha. Na ce in Allah ya ba shi nasara, sakamakon hukumar zaɓe da labaran rantsarwa sun isa a fara. Kafin mu tashi na tambaye shi wa ke wakiltar mazaɓarsu yanzu, ya faɗa mini, muka duba muka tarar babu shafinsa da Hausa. Shi na rubuta bayan Sallah, yallaɓai ne ma ya turo mini labaran jaridun da na dogara da su.