Yadda ake sake lale: abin da na ɗauko daga tsarin tuba na Yahudawa

Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi, shekara ashirin da 'yan kai ina taka keke. Wani watan Satumba, wani ɗan Sefwi Wiawso ya kawo mini farin yadi, ya ce riga yake so marar ado, ko zare mai launi kada in sa. Na ɗauka rasuwa aka yi musu. Ya ce a'a, shi Bayahude ne, akwai 'yar jama'arsu a garin, ranar babban azuminsu ce ta gabato, kuma da fararen kaya ake shigarta. Ina gwada shi da tef muna hira, ya faɗi wata magana da ta sa na yi darare ina karatu a waya. Ni Musulmi ne, ina nan a kan addinina. Amma yadda suka shimfiɗa hanyar gyara tsakani da mutane ta fisshe ni daga wani abu da na daɗe ina ɗauke da shi.

Ka fara da sa wa kanka rana. Su ba sa barin abin a "wata rana". Sabuwar shekararsu, Rosh Hashana, tana faɗowa a Satumba ko farkon Oktoba, rana ta 10 kuma ita ce Yom Kifur, azumin kusan awa 25 ba ci ba sha. Tun watan da ke zuwa kafin sabuwar shekarar, Elul, ake busa ƙahon rago da safe don mai barci ya farka. Kusan kwana 40 ke nan mutum yana bin sawun kansa. Mu ma ba mu rasa irin wannan ba, ga Sha'aban ga Ramadan. Ka zaɓi ranar da za ka ce kafin ta zo na gama da wane.

Kalmar da suke amfani da ita teshuba, ma'anarta komawa, kuma dangin kalmarmu ta tuba ce. A wurinsu sabon farawa da komawa baya yake somawa, zuwa daidai inda aka yi ɓarin. Babban malaminsu Musa ɗan Maimun, haifaffen Ƙurɗuba a Andalus, likita, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya tsara abin: ka bar laifin, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba, ka faɗe shi da bakinka. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya. A zuci kowa yana da hujja. Ka rufe ƙofa ka furta da murya, "na ɗauki abin wane", ka ji yadda hujjar take zubewa. Wanda kuwa ya furta amma bai saki laifin ba, sun kwatanta shi da mai wankan tsarki yana riƙe da mushen ƙadangare a hannu. Ko tafkin Bosomtwe ya shiga, sai ya yar da shi tukuna.

Maganar da mutumin Sefwi ya faɗa mini ita ce wannan: a littafinsu na Mishna, ranar azumin tana kankare abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma abin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa yana nan daram sai ya je ya nemi yardarsa. Na san wannan tun a makarantar allo, haƙƙin mutum ba ya tafiya da istigfari kaɗai. Jin shi daga bakin baƙo, tef a wuyana, shi ne ya sa na kalli keken da ke gabana.

Keken na maigidana ne, wanda ya koya mini aiki. Da muka rabu a 2014 na ɗauke shi da dare, ina ce wa kaina ladan shekarun da na yi masa bauta ne. Bai kai ni ƙara wurin Sarkin Zongo ba, bai aiko kowa ba. Ya dai daina amsa gaisuwata.

Nan ne malamansu suka burge ni. Sun tattauna kan mutumin da ya saci azara ya gina ta a cikin gidansa, daga baya ya so tuba. Almajiran wani tsohon malaminsu, Shammai, suka ce ya rushe ginin ya mayar da azarar. Almajiran wani malamin kuma, Hillel, suka ce ya biya kuɗinta kawai, kuma nasu aka ɗauka, aka kira hukuncin gyara domin masu tuba. Sun san halin ɗan Adam: in tuba na nufin ka kwana a fili da iyalinka, ba mai tuba. To, ka lissafa abin da ka ci, ka ga ko yana mayuwa da kansa. In ya shige cikin gini, ka yi masa kuɗi. Ni keken nan na sa masa inji, na canza masa kusan komai, da shi nake ciyar da gida. Na je Adum na tambayi kuɗin sabon Butterfly, na tara da susu wata huɗu. Shawarata ce wannan, ba tasu ba: ka biya da farashin yau. Kowa ya san abin da sidi ya zama, biyan kuɗin 2014 wata satar ce.

Kada ka tura kuɗin ta waya, wato momo, ka ce ka gama. Kuɗi daban, neman gafara daban, dole ƙafarka ta je. Na same shi a ƙofar gida a Asawase bayan la'asar, kan tabarma, rediyo a gefe. Na durƙusa na ce, "Maigida, maganar keke ce ta kawo ni." Ya ce, "Wane keke?" Ya ƙara wa rediyo murya. Ambulan ɗin ko kallonta bai yi ba.

In haka ta same ka, tsarinsu ya ce ka koma da mutum uku cikin abokansa, har sau uku. In ya ƙi bayan haka ka fita, nauyin ya koma kan wanda ya ƙi yafewa. Na ji daɗin wannan ƙa'ida ƙwarai, har na karanta layin da ke biye: in wanda ka ɓata wa malaminka ne, sai ka yi ta zuwa ko sau dubu ne. Na ajiye wayar na yi dariya ni kaɗai. In kuma mutumin ya rasu, a je kabarinsa da mutum 10 a faɗi laifin a gabansu, dukiya a miƙa wa magada.

Akwai rabon aikin da ya hau kan 'yan kallo, kuma a Zongo mun fi kasawa a nan. Sun haramta a ce wa wanda ya tuba "tuna abin da ka yi a da". Mu kuwa mutum ya yi shekara goma yana sahun gaba, ranar da aka yi sa-in-sa sai a tono masa. Shi kuma mai tuban, Musa ɗan Maimun ya ce ba a sanin tubansa ya cika sai irin damar nan ta dawo, yana da ƙarfin yi, ba idon kowa, ya ƙi. A shagon tela wannan jarrabawa kullum tana zuwa: ragowar kamu ɗaya na shadda da mai kaya bai san ya rage ba. Yanzu ninke shi nake in sa a leda tare da rigar.

Zuwa na biyu na tafi da limamin unguwa da dattawa biyu da suke shan shayi tare. Ya saurare su don girmansu, ni bai ce mini uffan ba. Na uku aka ce ya tafi jana'iza Tafo. Na huɗu ni kaɗai na koma, ranar Juma'a da hantsi, da goro a leda. Ya karɓi ambulan ya ƙirga a hankali yana lasar yatsa, sau biyu. Ya zaro takarda ɗaya ya miƙo mini.

"Ungo, ka sayi mai. Tun kana yaro ba ka iya sa wa keke mai ba."