Yadda ake tayar da tsohon bugun wasan yaƙin tebur

Shekara uku ke nan da na buɗe wani kwali da na daɗe ban waiwaya ba, na tarar da 'yan sojojina na Warhammer a kwance kamar waɗanda aka ci da yaƙi. Masu sun kakkarye, tuta ta lanƙwashe, dawaki uku babu mahaya. A ƙarƙashinsu ga littafin ƙa'idoji bugu na shida, na shekarar 2000, bangonsa ya fara rabuwa da jiki. Kafin sati biyu na lallaɓi wani abokina muka share tebur muka kara. Tun daga nan da wuya wata ya wuce ba mu yi ba, kuma abin da zan faɗa a nan a kan teburin na koye shi, haɗe da kurakuran da na tafka.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum biyu ne, kowa da rundunarsa ta ƙananan mutum-mutumi da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, waɗanda ya haɗa ya yi wa fenti da hannunsa. Ana jera su a tebur, yawanci mai ƙafa 6 a tsawo da ƙafa 4 a faɗi, a auna tafiyarsu da tef, dayis kuma, irin wanda ake jefawa a ludo, ya yanke hukuncin wa ya sami wa. Abin ya daɗe. Hafsoshin Furusiya, tsohuwar daular Jamusawa, sun yi amfani da irinsa wajen horo tun 1824, marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da ƙa'idojinsa na 'yan wasa a 1913, kamfanin Games Workshop na Ingila ya fito da Warhammer na takobi da sihiri a 1983, sannan Warhammer 40,000 na yaƙin sararin samaniya a 1987. Wannan na biyun ya kai bugu na goma a 2023, a 'yan shekarun nan kuwa duk shekara uku ake sabuntawa. Kowane sabon bugu da littattafansa, da gyare-gyaren da ke biyo baya.

To a nan daɗin tsohon bugu yake, kuma shi ya kamata ka riƙe kafin komai: littafin ya rufe. Babu gyaran da zai sauko wata mai zuwa ya mayar da rundunar da ka shekara kana fenti abar tausayi. Abin da aka rubuta shi ke nan. Amma fa babu kuma wanda zai zo ya toshe ramukan da ke ciki. Kai da abokin karawarka ku ne alƙalai yanzu, ku ne kotun ɗaukaka ƙara. Duk sauran shawarwarina daga wannan suka fito.

Saboda haka kada ka fara da saye. Fara da neman mutum. Na san wani da ya tara littattafan bugu uku da sojoji cike da kabad, har yau bai jefa dayis ko sau ɗaya ba, don bai taɓa tambayar kowa ko zai zauna da shi ba. Mutum ɗaya ya isa. In ma ba shi da runduna, raba taka biyu ka ba shi rabi, ka bar shi ya zaɓi ɓangaren da ya fi ƙarfi. Wanda ya ci wasansa na farko shi ke dawowa.

Daga nan ku zaɓi bugu ɗaya tak, ku tsaya a kai. Zuciya za ta ja ka zuwa wanda ka fara da shi kana yaro, kuma ba laifi, sai dai ka san abin da kake shiga. Rogue Trader na 1987, wato bugun farko na Warhammer 40,000, an rubuta shi ne da tunanin akwai mutum na uku, alƙalin wasa, mai tsara labari yana ɓoye wa 'yan wasa wasu abubuwa. In ba ku da wannan mutum za ku sha wuya. Bugu na biyu, na 1993, shi ne wanda mutane suka fi kewa, mai katunan makamai da katunan dabaru da dayis iri-iri, daga mai fuska 4 har mai fuska 20. Yana da armashi sosai, amma an yi shi don ƙananan runduna. Da maki ake haɗa runduna, kowane soja da farashinsa: sojan Space Marine, mai sulke na wannan wasan, guda maki 30 ne a cikinsa, a bugu na uku na 1998 ya koma 15, ka ga runduna ta ninka ke nan. A bugu na biyu in aka gwabza jiki da jiki, soja ɗaya-ɗaya ake bi, kowa da jifarsa, don haka mutum ashirin a kowane ɓangare suna iya cinye muku yamma guda. A ɓangaren Warhammer na takobi da sihiri, bugu na huɗu da na biyar, 1992 da 1996, sun yarda ka kashe rabin makinka a kan jarumai, shi ya sa masu wasa ke musu laƙabi da Herohammer: jarumi ɗaya a kan dodo mai fiffike sai ya share bataliya. Ni da na biyar na fara, amma na shida nake bugawa, don shi ne ya rage wa jarumai iko ya mayar da yaƙin hannun sojan ƙasa. In ba ka da wani bugu da ke maka ƙaiƙayi a zuci, shi nake ba ka shawara.

Littattafai na hannu za ka nema, tunda an daina buga su. Ka duba shekarar da ke shafin farko, kada ka dogara da hoton bango, domin littafin runduna ɗaya, wato mai jerin sojojinta da makinsu, yakan fito sau uku ko huɗu a bugu daban-daban da suna iri ɗaya. Akwai hanyar sauƙi da mutane ke mantawa. Lokacin da bugu na shida ya fito, an fitar da wani siririn littafi, Ravening Hordes, mai ɗauke da taƙaitaccen jerin kowace runduna. Haka ma bugu na uku na Warhammer 40,000 yana da jerin rundunoni a bayan littafin ƙa'idojin kansa. Da yake a lokaci guda aka rubuta su, sun fi daidaito a tsakaninsu fiye da littattafan da suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Mu da wannan muka yi wata shida kafin mu taɓa littafin runduna.

Wasan farko ya zama ƙarami, maki 500 zuwa 1,000. A bugu na shida, ƙasa da maki 2,000 ba a shigo da babban ubangidan yaƙi, jarumai ba sa wuce uku, kuma dole ka kawo aƙalla rukuni biyu na sojan gama-gari. Wannan kaɗai ya kawar da rabin rigima. Ka karanta littafin daga farko kamar ba ka taɓa ganinsa ba, domin abin da ke kanka gauraye ne na bugu uku ko huɗu. Mun yi gardama ta kusan minti ashirin a kan ko sahu na mutum huɗu yana ba da ƙarin maki a faɗa. Ni na ce sai biyar, na kafe. Ashe biyar ɗin na bugu na bakwai ne, na 2006. A na shida huɗu ne, abokina ke da gaskiya, kuma har yau yana tuna mini.

Yanzu ga abin da na fi so in daɗe a kai, wato ƙiyasi. A tsofaffin bugun Warhammer, har zuwa na bakwai, haramun ne ka auna kafin ka yanke shawara. Za ka harba igwa? Sai ka dubi tebur da idonka ka ce, inci 28. Bayan ka furta ne ake miƙa tef. Sannan ka jefa dayis na musamman na igwa, mai lamba 2, 4, 6, 8, 10 da fuska ɗaya ta tangarɗa, a ƙara abin da ya fito a kan ƙiyasinka, nan harsashi ya faɗi. Ka sake jefawa don sanin nisan da ya yi tsalle, duk wanda ke kan layin ya shiga uku. In fuskar tangarɗa ta fito a jifar farko, igwar na iya tarwatsewa da masu harba ta. Gwanaye sukan rage kamar inci 8 zuwa 10 daga ainihin nisan don tsallen ya ratsa sahu. Haka kai hari: sojan ƙasa mai tafiyar inci 4 yana kai hari a inci 8, amma sai ka ayyana kafin a auna. In ya gaza da rabin inci, mutanenka sun tsaya cirko-cirko a fili, abokin gaba kuma ya afka musu a zagayensa. Bugu na takwas na 2010 ya halatta awo a kowane lokaci, ya mayar da nisan hari hannun dayis. Na fahimci dalili, domin wanda sana'arsa awo ce, kamar kafinta ko tela, yakan yi wa kowa fintinkau. Amma shirun nan da ke sauka lokacin da tef ke miƙewa, kowa ya sunkuyo yana kallon ko zai kai, ban same shi a wani wasa ba. In kana son ka gyara idonka, ka tuna tebur inci 48 ne a faɗi, kuma yawanci inci 24 ne tsakanin rundunonin biyu a farko. Daga nan kake lissafi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka jingina hannunka a tebur alhali ka san tsawon kamunka. Duk mun san masu yin haka.

Kayan aiki kaɗan ne amma dole: dayis na igwa, dayis mai kibiyoyi na nuna inda harbi ya kauce, da faifan awon fashewa, zagayayyu biyu na inci 3 da inci 5 da dogon nan mai siffar ɗigon hawaye na wuta. In ba ka samu ba, yanka su a kwali. Na asalin ma na shekarun 1990 kwali ne.

Kafin a jera soja ko ɗaya, ku zauna ku rubuta yarjejeniya a takarda guda: wane littafi, waɗanne gyare-gyaren mujallar kamfanin, White Dwarf, kuka karɓa, me kuka haramta. Masu bugu na biyu na Warhammer 40,000 kusan duka suna cire katin Virus Outbreak, domin yana iya kashe rabin rundunar da ba ta da rufaffen sulke tun ba a fara ba. Amma kada ku yi saurin gyara. Ƙa'idarmu ita ce sai abu ya ɓata wasa sau uku kafin mu taɓa shi, don sau da yawa abin da muka ɗauka rami ne, sakin layi ne da muka tsallake. In gardama ta taso a tsakiyar wasa, a jefa dayis, 1 zuwa 3 naka, 4 zuwa 6 nasa, a duba littafi bayan an tashi.

Sai gyaran sojoji. Na ƙarfe ba sa tsufa in an adana su, kuma a ɗan harshen da ke ƙarƙashin ƙafafunsu yawanci akwai shekarar da aka sassaƙa su. Waɗanda aka zuba kafin ƙarshen shekarun 1990 akwai dalma a cikinsu, don haka kada ka goge su da magagari a inda ake cin abinci, ka wanke hannu, ka nisanta su da yara. In ka ga farin gari yana fitowa a jiki, dalmar ce ke ruɓewa, galibi saboda danshi ko tururin wasu katakai, sai ka ware wannan daga sauran. Don cire tsohon fenti, jiƙa su a sinadarin isopropyl na 'yan awoyi ka goge da tsohon buroshin haƙori. Asiton yana cire fenti a ƙarfe tas, amma yana narkar da sojojin roba. Na san haka ne domin na jefa maharba goma sha biyu a ciki na kwanta, da safe na tarar da dunƙule guda mai bakuna a jiki. Hannun da ya ɓalle kuwa gam kaɗai ba ya riƙe shi: huda ɓangarorin biyu da siririn abin huji, sa guntun waya, sannan gam. Ka kuma yi hattara da jabu. Wani ya taɓa sayar mini da mahaya biyar, da suka iso sai na ga layin zubi biyu-biyu a jikinsu, fuskoki kuma sun dusashe kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi.

Girman mazauni, wato ɗan faifan da ake manna soja a kai, ya canza da zamani. A da sojan ɗan Adam a kan murabba'i mai milimita 20 yake, dodon nan Orc a kan 25. Da aka farfaɗo da Warhammer na takobi da sihiri da sunan The Old World a 2024 an ƙara musu faɗi. In sojojinka na sabon awo ne, kada ka ɓalle su, ku dai amince cewa za a ƙirga masu faɗa kamar a kan tsohon awo suke. Ban kuma ga dalilin hana sabon soja shiga tsohon wasa ba. Akwai masu cewa sai an shafa wa mazauni koren nan mai haske na shekarun 1990 kafin abin ya cika. Ni na shafa wa nawa, don ina so, amma ban taɓa tambayar na wani ba.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan da ya kamata ka shirya masa. Wasanmu na farko bai yi daɗi ba. Awa huɗu muka yi, rabi a cikin littafi, bayana ya ƙage, kuma na gane wani ɓangare na abin da nake kewa ba ƙa'idoji ba ne, shekaruna goma sha biyar ne da yammacin da babu mai nemana. Wannan ba ya cikin kwali. Shi ya sa nake cewa ku yi alkawarin wasa uku kafin ku yanke hukunci. A na uku mun gama cikin awa biyu, littafi a rufe. A zagaye na huɗu mahayansa suka kunno kai ta bayan tudu, na dubi tebur na ce inci 22, dayis ya ba da 4, tsalle ya ba da 8, harsashi ya ratsa sahun ya ɗauke janar ɗinsa. Zagaye na gaba na sake harbawa, fuskar tangarɗa ta fito, igwar ta tashi da mutanenta uku. Shi ya ci wasan, da mahaya biyu da suka rage masa.